Begen Kiɗan Ƙuruciya Ba Abin Ɓoyewa Ba Ne

Akwai wata jama'a a cikin biranenmu, tun daga Kano da Kaduna da Zariya har Jos da Yamai, waɗanda yau furfura ta game musu kai da gemu, ana ba su sahun gaba a masallaci, ana kawo musu ƙarar 'ya'ya da jikoki, ana kuma jiran ta bakinsu ranar ɗaurin aure, amma da za ka zaunar da ɗayansu ka saka masa faifan James Brown ko na Kool & the Gang ba tare da ka gargaɗe shi ba, da ka ga ƙafarsa ta soma taɓa ƙasa tun kafin hankalinsa ya ba ta izini, sa'an nan ka ga ya waiga dama da hagu don ya tabbata babu wanda ya lura. Ni ma ina cikin wannan jama'a, kuma waigen nan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne, begen da muke yi wa kiɗan sol da fank da disko, waɗanda suka cika mana kunne muna yara daga wajen 1970 zuwa farkon shekarun 1980, bege ne mai asali da hujja, kuma ɓoye shi da muke yi ya fi shi kansa cancantar zargi, domin da wannan ɓoyewa muke binne wani babi na tarihin garuruwanmu, muna kuma nuna wa 'ya'yanmu wata ƙuruciya tamu wadda ba mu taɓa yin ta ba.

Malaman usulu sun ce ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙarsa, saboda haka ya kamata mu fara da tambayar inda kiɗan nan ya fito. Asalinsa yana wurin jikokin bayin da aka kwasa daga yammacin Afirka aka ƙetare teku da su zuwa Amurka, inda iyayen gijinsu suka ji tsoron ganga ƙwarai, har a 1740 mahukuntan Karolina ta Kudu suka kafa dokar hana bayi riƙe ta, don sun gane cewa da ita ake kiran taro, da ita kuma ake shirya tawaye. Da aka raba mutanen nan da ganga sai kiɗan ya koma cikin tafi da dukan ƙasa da ƙafa da kuma maƙogwaro, ya sami mafaka a gonakin auduga da majami'unsu, inda mai wa'azi zai ɗaga murya jama'a su amsa masa, ya sake ɗagawa su sake amsawa, har zufa ta karyo wa kowa. A cikin shekarun 1950 wasu samari da suka tashi cikin wannan tarbiyya, irin su Ray Charles makaho da Sam Cooke, suka ɗauki karin waƙoƙin majami'a suka ɗora masa maganar soyayya da ta wahalar zaman duniya, dattawan majami'a suka yi ta Allah wadai suna cewa an kai kayan ibada kasuwa, to, abin da aka haifa daga nan shi ne sol. Aretha Franklin, wadda ake kira sarauniyar wannan fanni, 'yar wani mashahurin mai wa'azi ce a Detroit. A garin ne kuma Berry Gordy ya kafa kamfanin Motown a 1959 da rancen dala 800 daga asusun danginsa, kamfanin da ya fito da Marvin Gaye da Stevie Wonder da 'ya'yan gidan Jackson. A Memphis kuwa, can kudu inda wariyar launin fata ta fi tsanani, kamfanin Stax ya tara baƙi da farare a ɗaki ɗaya suna kiɗa tare, a zamanin da ba su da ikon cin abinci a kan teburi ɗaya a galibin gidajen abincin garin. Babban mawaƙinsu Otis Redding ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1967 yana da shekara 26 kacal.

Shi fank kuwa, in ana son a yi adalci, sai a jingina shi ga mutum guda. James Brown, wanda aka haifa a 1933 cikin baƙin talauci, ya yi shushaina yana yaro, ya kuma ɗanɗani gidan yari tun bai cika ashirin ba, shi ne ya zo da wata dabara wadda a ido ƙarama ce amma ta juya kiɗan duniya. A da nauyin kiɗan rawa yana sauka ne a kan bugu na biyu da na huɗu. Shi kuwa ya umurci makaɗansa su sauke dukan nauyin a kan bugu na farko, kuma kowane kayan kiɗa, jita ce ko ƙaho ko ma muryarsa shi kansa, ya bar neman zaƙin kari ya koma aikin ganga, kowa da ɗan gajeren bugunsa da yake maimaitawa, bugun wannan yana shiga gurbin da wancan ya bari. Daga 1965 zuwa 1970 ya yi ta tace wannan salo har ya tsaya da ƙafafunsa. Mutum ne mai tsananin horo, wanda in makaɗi ya kuskure bugu ko ya hau dandali da takalmi maras ƙyalli, sai ya yi masa ishara da yatsu yana tsakiyar rawa, adadin yatsun kuwa tarar da za a cire daga ladansa ce. Girmansa a idon mutanensa ya kai matsayin da, bayan an harbe Martin Luther King ran 4 ga Afrilu 1968, biranen Amurka suna ta ƙonewa da tarzoma, hukumar birnin Boston ta yarda a nuna wasansa a talabijin washegari da dare don mutane su zauna gida, suka kuwa zauna. A shekarar ce ya fitar da waƙar nan tasa mai kiran baƙin mutum ya yi alfahari da launinsa a bainar jama'a, waƙar da ta iso mana nan muka riƙa rera ta da gurɓataccen Turanci ba mu san irin raunin da ta fito daga cikinsa ba.

Isowarsa ƙasashenmu ta dace da wani lokaci na musamman. Tun cikin shekarun 1960 Geraldo Pino, mutumin Saliyo, ya riga ya shigo Ikko da salon James Brown da manyan na'urorin ƙara sauti, har mawaƙin nan Fela ya faɗa da bakinsa cewa zuwan mutumin nan ya hana shi sakat, ya tilasta masa neman tasa hanyar. Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970, kafin shekarar ta fita James Brown da kansa ya sauka Ikko, makaɗansa suka je gidan rawar Fela suka saurara suka yi mamaki. Ran 6 ga Maris 1971, ranar bikin 'yancin Gana, Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Roberta Flack suka kwana suna wasa a babban dandalin Ankara. A 1974 aka yi irin wannan taro a Kinshasa gabanin damben Muhammad Ali da George Foreman. Ana cikin haka farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973, kuɗi suka kwararo, gwamnatin Janar Gowon ta karɓi shawarar kwamitin Udoji ta ƙara wa ma'aikata albashi ta kuma biya su ariyas a farkon 1975, sai ga malamin firamare da akawun En'e da ma'aikacin reluwe kowa yana neman babur da agogo da akwatin kiɗa.

Wanda bai ga akwatin nan ba ba zai gane matsayinsa a gida ba. Wani maƙwabcinmu malamin makaranta ya sayi nasa da kuɗin Udoji: doguwar kabad ce ta katako mai sheƙi, rediyo a gefe ɗaya, mazaunin faifai a ɗaya gefen, an lulluɓe ta da farin ƙyalle mai saƙa, an ɗora hoton aurensa a kai, kuma babu yaron da ya isa ya taɓa ta ko da ɗan yatsa. In ya dawo daga aiki ya yi la'asar, sai ya zaro faifan daga jakarsa ta kwali a hankali, ya riƙe shi ta gefe da tafukan hannu biyu kada yatsa ya ɓata shi, ya hure ƙura, ya goge da wani ɗan ƙyalle mai laushi, ya ɗora, sa'an nan ya sauke allura. Akwai ɗan ƙaraf-ƙaraf da ake ji na daƙiƙa biyu ko uku kafin kiɗa ya faso, kuma a cikin wannan ɗan tsakani mu yara da muka yi cincirindo a bakin taga ko numfashi ba ma yi. In allura ta fara tsalle saboda faifan ya tsufa, sai a ɗora kwabo a kan hannunta don ya danne ta. Jakar faifan ma abin kallo ce, mukan karɓe ta mu yi ta juyawa muna duban mutane baƙaƙe kamarmu, da tulin suma a kai da wando mai buɗaɗɗiyar ƙafa da takalmi mai tudu, suna tsaye da wata irin isa wadda ba mu saba ganin baƙin mutum da ita a cikin littattafan makaranta ba. Yayyenmu da ke kwaleji suka tara suma su ma, suka soke mataji a ciki, iyaye suna faɗa, wanzamai suna ƙorafin kasuwa ta mutu.

Na daɗe ina tunanin dalilin da ya sa kunnen yaron da ya tashi da kalangu da kukuma ya karɓi wannan kiɗa nan take, alhali kuwa kiɗan Turawa na gargajiya, mai goge ɗari da sarewa, in an sa shi a rediyo sai mu ga kamar an yi rasuwa a gidan Gwamna. Amsar da na tsaya a kanta ita ce, ginin iri ɗaya ne da wanda muka sani. Wanda ya saurari Alhaji Mamman Shata yana jefa magana 'yan amshi suna karɓewa, kalangai suna tafe a kan bugu ɗaya na tsawon rabin sa'a ba wanda ya gaji, in ya ji James Brown yana jefa wa makaɗansa kalma suna mayar masa da ƙaho, ba zai ji baƙon abu ba, sai dai ya ji an sauya harshe da kayan aiki. Su ma can sun san da wannan zumunci, shi ya sa Maurice White na ƙungiyar Earth, Wind & Fire ya shigar da ɗan kayan kiɗan Afirka na ƙarfe da ake taɓawa da babban yatsa cikin waƙoƙinsu, shi ya sa kuma Stevie Wonder ya zo Ikko lokacin bikin FESTAC a farkon 1977, bikin da aka yi babban hawan dabarsa a Kaduna. Ba kuwa a Kudu kaɗai aka kwaikwayi salon ba. A Kaduna marigayi Bala Miller ya haɗa ƙungiya mai jita da ƙahoni yana waƙa da Hausa, gidajen rediyo suna sakawa, mutane suna aika gaisuwa da ita.

Disko shi ne autansu, kuma in zan faɗi gaskiya shi ne mafi ƙarancin nauyi a cikin ukun, ko da yake shi muka fi so muna yara, don bugunsa a fili yake, ɗaya bayan ɗaya, ko ɗan yaye zai iya binsa. Ya tashi ne a gidajen rawa na New York a farkon shekarun 1970, kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, ɗaya daga cikin faya-fayen da suka kunna wutarsa daga maƙwabtanmu ya fito: Manu Dibango na Kamaru ya buga Soul Makossa a 1972 a bayan faifan da ya yi don gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka da ƙasarsa ta karɓi baƙuncinta, wani mai saka faifai a New York ya tsinto shi, gari ya ɗauka, har bayan shekara goma Michael Jackson ya ɗebi amshinsa ya sa a tasa waƙar, maganar da sai da ta kai ga biyan diyya. A 1977 abin ya kai ƙololuwa da fim ɗin Saturday Night Fever da waƙoƙin Donna Summer waɗanda aka haɗa a birnin Munich, inda na'ura ta fara karɓe aikin makaɗa. Faɗuwarsa a Amurka ta zo da gaggawa: ran 12 ga Yuli 1979 aka tara dubban faya-fayen disko a wani filin wasa a Chicago aka tarwatsa su da nakiya, taron ya rikiɗe ya zama hargitsi, kuma masana da dama suna ganin akwai ƙiyayyar launin fata a cikin wannan fushi. Mu nan labarin bai ma iso mu ba. Muna ta fama da Boney M, ƙungiyar da wani Bajamushe ya haɗa da mawaƙa 'yan asalin tsibiran Karebiyan, kaset ya riga ya kori faifai, muna mayar da zarensa baya da biro don kada batir ya ƙare, in ya ƙare kuma mu shanya shi a rana muna fatan ya farfaɗo.

To, mai hankali zai tambaya: shin kiɗan kuke bege, ko kuwa ƙuruciyar? Tambaya ce mai ƙarfi, kuma wajibi ne a amsa ta da insafi. Mawaƙan Jahiliyya da muke karantawa a zaure sukan buɗe ƙasidunsu da tsayuwa a kufai suna kuka, alhali kowa ya san ba toka da duwatsun murhu suke yi wa kuka ba, mutanen da suka tashi daga wurin ne. Haka nan rabin abin da ke motsa mu in mun ji waɗannan waƙoƙi ba ya cikin faifan ko kaɗan. Yana cikin cewa a ranar da muka fara jin su iyayenmu suna raye, yayyenmu ba su watse ba, naira tana da daraja har ta fi dala, masaƙun Kaduna suna aiki dare da rana, jirgin ƙasa yana zuwa Nguru, kuma kowa yana zaton gobe za ta fi yau. Sanannen abu ne a wurin masana halayyar ɗan Adam cewa abin da mutum ya ji tsakanin ƙuruciya da farkon balaga ya fi kowane abu kafuwa a zuciyarsa, har tsohon da mantuwa ta ci ƙarfinsa, wanda ba ya gane 'ya'yansa, yakan iya bin waƙar da ya sani yana saurayi. Wannan kashi na begen babu wata falala da ke cikinsa ga zamaninmu a kan wani zamani. Jikokinmu ma za su yi irinsa a kan abin da suke ji yau, wanda mu muke toshe kunne saboda shi.

Amma ban yarda a ce duka ke nan ba. Akwai abin da yake cikin kiɗan kansa, wanda ko wanda bai yi zamanin ba zai iya auna shi. Waɗannan faya-faye mutane ne suka buga su, takwas ko goma ko fiye, a ɗaki ɗaya, suna kallon juna, kowa ya shekara da shekaru yana koyon abin da ke hannunsa, kuma ɗan jinkirin da mai ganga zai yi, ko ɗan gaggawar mai jita, wanda na'ura za ta ɗauka kuskure ne ta gyara, shi ne ainihin abin da ke sa jiki ya motsa. Hujjata a nan ba tawa ba ce, ta samarin da suka zo bayanmu ce: tun daga 1979, da aka gina ɗaya daga cikin waƙoƙin rap na farko da suka yi kasuwa a kan kiɗan ƙungiyar Chic, mawaƙan zamani ba su daina komawa suna yankar guntayen waɗannan faya-faye suna ɗora nasu a kai ba, kuma ɗan bugun da Clyde Stubblefield, mai gangar James Brown, ya yi na 'yan daƙiƙoƙi a faifan Funky Drummer an sake amfani da shi a waƙoƙi fiye da dubu, shi kuwa bai sami wani abin kirki daga ciki ba har ya rasu a 2017. Ba a komawa rijiyar da ba ta da ruwa. Ban da wannan, yadda ake sauraro ma ya sauya: a da faifai ɗaya unguwa guda ke jinsa, mai shi ya sani, maƙwabta sun sani, in ana shirin zaɓi-sonka a rediyo kowa ya kasa kunne ya ji ko za a ambaci sunan wani nasa, yau kuwa yara biyar suna ɗaki ɗaya, kowa da abin kunnensa, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa yake ji.

Na san akwai wanda tun daga farkon wannan maƙala yake jiran in zo kan mas'alar halacci. Fatawa ta malamai ce, kuma saɓaninsu a kan kiɗa tsoho ne: jamhuru sun tsananta a kan kayan kiɗa, Ibn Hazm na Andalus ya tafi a kan halacci, Imam Gazali kuwa ya keɓe babi guda a cikin Ihya'u yana rarrabe hukuncin gwargwadon mai ji da abin da ake ji da wurin da ake jinsa. Wanda ya bar sauraro don tsoron Allah ya yi abin yabo, ba ni da ta cewa a kansa sai fatan alheri. Ba kuma zan yi da'awar cewa duniyar da kiɗan nan ya fito daga cikinta tsarkakakkiya ce ba: gidajen disko na New York matattarar ƙwaya da fasadi ne, masu shahararren cikinsu, Studio 54, sun ƙare a kurkuku a 1980 kan ƙin biyan haraji, Marvin Gaye mahaifinsa ne ya harbe shi a 1984, James Brown ya koma gidan yari a 1988 bayan ƙwaya ta rinjaye shi, a nan gida ma ba kowane saurayin da ya bi kiɗan zuwa otal-otal na Sabon Gari ne ya dawo lafiya ba. Sai dai a cikin mutanen nan akwai waɗanda neman asalinsu ya kai su ga Musulunci, kamar Ronald Bell na Kool & the Gang, wanda ya koma Khalis Bayyan, da Jermaine, wan Michael Jackson, wanda ya musulunta a 1989. Abin da nake inkari shi ne wani abu dabam: tuba daban, ƙarya daban. Mutum yana iya cewa na yi, na bari. Amma ya ce ban taɓa yi ba, alhali hotonsa da tulin suma yana nan a ƙasan akwatin matarsa, wannan ba taƙawa ba ce.

Illar wannan ƙarya tana bayyana ne a zamanmu da 'ya'yanmu. Dattijon da ya manta, ko ya yi kamar ya manta, cewa mahaifinsa ya taɓa bin sa da bulala saboda wando mai share ƙasa, shi ne yau zai ga ɗansa da wani aski ko ya ji shi da wata waƙa ya yanke hukunci cewa duniya ta ƙare, tarbiyya ta mutu, ba a taɓa ganin irin wannan zamani ba. Yaron kuwa ba wawa ba ne. Ko ba jima ko ba daɗe zai ji labari wurin wata gwaggo mai sakin baki, daga ranar kuma nasihar uban ta rage nauyi. Da uban ya zaunar da shi ya ce, ni ma na so kiɗa kamar yadda kake so, ga wanda na so, ga abin da na amfana, ga abokaina da abin ya halaka da yadda ya halaka su, da yaron ya sami mai ba shi shawara wanda ya san hanyar, maimakon alƙalin da bai taɓa taka ta ba. Ina da yaƙinin cewa gyaran da muke nema a waƙoƙin yau, na batsa da zagi da bautar kuɗi, ba zai samu daga bakin mutanen da ke da'awar ba su taɓa jin daɗin kiɗa ba.

Akwai kuma hasarar da ta fi wannan saurin aukuwa, domin ita ba ta jiran kowa. Ibn Khaldun ya lura a Muƙaddimarsa cewa sana'ar waƙa ita ce ta ƙarshen bayyana a cikin al'umma in wadata ta samu, ita ce kuma ta farkon ɓacewa in al'amura suka ja baya, kuma mun ga haka da idonmu: da tattalin arziki ya karye a shekarun 1980 ƙungiyoyin makaɗa suka watse, kamfanonin buga faifai suka rufe, akwatunan nan masu sheƙi suka koma wurin ajiye kwanuka. Faya-fayen da samarin Nijeriya da Nijar da Gana suka buga a wancan zamani, yau Turawa da Amurkawa ne ke yawo kasuwanninmu suna saye a buhu, su kai ƙasashensu su wanke su sake bugawa. William Onyeabor na Inugu sai da wani kamfanin New York ya tattara waƙoƙinsa a 2013 kafin duniya ta san shi, a shekarar ce kuma wani kamfanin Amurka ya sake fitar da kiɗan da Mamman Sani na Nijar ya naɗa a Yamai tun 1978. Ban ga laifinsu ba, sun ga abu mai daraja a yashe sun ɗauka. Namu laifin shi ne muna jin kunyar abin har mun bar shi ga gara da zafin rana.

Saboda haka ina kira ga gidajen rediyo da talabijin na jihohinmu da na tarayya, waɗanda ɗakunan ajiyarsu ke cike da faya-faye da zaren naɗi na shekarun 1970, su mayar da su cikin kwamfuta tun kafin su narke, na Shata da Ɗan Maraya da na Bala Miller da na baƙin duka, kada a tsame wani don ana jin nauyinsa. Ina kira ga sassan nazarin tarihi da na Hausa a jami'o'inmu su tura ɗalibai wurin tsofaffin makaɗa da masu gabatar da shirye-shirye da masu shagunan kaset da suka rage, su naɗi bayaninsu, don mafi yawansu sun haura saba'in. Ku kuma 'yan'uwana dattawa, wanda yake da faifai a ƙarƙashin gado ya fito da shi, in ba zai saurara ba ya miƙa shi ga inda za a adana, ya kuma gaya wa jikokinsa gaskiyar wanda ya saye shi da shekarar da aka saya.